Wace Babbar Libarba Ce Ta Dace da Mai Ɗura Harsashinsa da Kansa?

Ɗan wani aminina da muka taso tare a Shara Mansur a Makka, wanda aiki ya kai shi jihar Montana a Amurka, ya aiko mini da tambaya, domin ya san na yi shekaru a Texas ina wannan harka kafin in dawo Jidda in zauna. Ya ce shekara biyu ke nan yana harbi da libarba, wato bindigar hannu mai gangar harsashi da ke juyawa, mai cin harsashin .357 Magnum, kuma shi yake ɗura harsashinsa da hannunsa, wato ya haɗa shi da kansa maimakon ya saya a kanti. Yanzu yana son babba, wadda zai riƙa gwajin saiti da ita, ya yi farautar barewa da kaka, ya kuma rataya ta idan ya shiga duwatsun da ke da dabbar beyar. Abokansa sun raba masa hankali tsakanin masu cin harsashin .44 Magnum da .45 Colt da .454 Casull da .460 da .500, wasunsu ma suna cewa tunda shi ke ɗuri, ya sayi mafi girma kawai, in ya so ya riƙa rage mata ƙarfi. Ya rufe da cewa, "Kawu, wace zan ɗauka?"

Ɗana, amsata ita ce .44 Magnum, kuma zan gaya maka dalilina dalla-dalla, har da wuraren da wata za ta iya fin ta. Sai dai kafin nan akwai maganar doka, wadda ba zan tsallake ba tunda akwai masu karanta wannan a nan gida. A Saudiyya mallakar bindiga sai da lasisin Ma'aikatar Cikin Gida, kuma dokar makamai da harsasai ta shekarar 1426 Hijiriyya ba ta bar wa mutum damar ƙera harsashi ko sauya makami a ɗakinsa ba. Saboda haka duk abin da zan faɗa ya shafi inda kake ne, inda doka ta yarda mutum ya ɗura wa kansa, muddin ba sayarwa zai yi ba, domin sayarwa tana buƙatar lasisin tarayya. Ka kuma tabbata matsayin zamanka ya ba ka dama, domin mai takardar zama ta dindindin hukuncinsa daban ne da wanda ya shiga da bizar karatu ko ta aiki, shi wannan na biyun an hana shi riƙe bindiga da harsashi sai in ya shiga cikin waɗanda aka keɓe, kamar mai lasisin farauta.

Mai sayen harsashi a kanti yana zaɓar bindiga ne bisa abin da ke cikin kwali, amma mai ɗuri yana zaɓar kwanso, wato gidan tagullar da zai cika ya sake cikawa sau da yawa. Tambayar da ta kamace shi ita ce, a wane mataki na ƙarfi zai yi yawancin harbinsa, kuma wane kwanso ne ya fi jin daɗin aiki a wannan matakin. Na ga masu harbi da yawa, kuma ban ga wanda ke harba cikakken ɗuri fiye da ɗan kaso kaɗan na harsasansa ba. Sauran duk matsakaicin ɗuri ne, wanda hannu da aljihu za su iya ɗauka a yini guda. To, a nan ne .44 Magnum ta yi wa sauran zarra, kuma tarihinta ma ya nuna haka, domin masu ɗuri ne suka haife ta. Elmer Keith, wani makiyayi kuma marubuci daga Idaho, ya yi shekaru yana ƙara wa tsohuwar .44 Special ƙarfi a teburinsa, har ya shawo kan kamfanonin Remington da Smith & Wesson suka tsawaita kwanson da ɗaya bisa takwas na inci, domin kada ya shiga tsofaffin bindigogi marasa ƙwari. Aka fitar da ita a ƙarshen 1955, ta shiga kasuwa a 1956 cikin bindigar da daga baya aka sa wa suna Model 29.

Kaurin kan harsashinta a zahiri .429 na inci ne, ba .44 ba, kuma nauyin da aka fi sani shi ne giren 240, wato kimanin giram 15 da rabi. Iyakar matsin da SAAMI, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin bindiga da harsashi a Amurka, ta tsayar mata shi ne psi 36,000, psi kuwa ma'aunin ƙarfin matsi ne. Da kwanso ɗaya tak za ka iya yin ɗuri mai laushi da ke tafiya ƙafa 800 a sakan, wanda ko ƙaninka zai harba ba tare da fargaba ba, ka yi na tsakiya mai ƙafa 1,000 wanda zai kayar da barewa a tazarar da ta dace, ka kuma yi cikakke mai ƙafa 1,300 ko 1,400. Idan za ka shiga dutse sai ka koma kan harsashi mai giren 300 na dalma mai tauri, mai faffaɗan goshi, wanda amfaninsa shi ne ratsa ƙashi da tsoka. Duk littafin ɗuri da ka buɗe, na Lyman ne ko Hornady ko Speer, za ka tarar da shafuka cike da bayanan da aka gwada a ɗakin gwaji, kuma kwanson da kan harsashin da mazubin dalmar ana samunsu a kowane kantin mafarauta ko da a ƙaramin gari ne. Firaima, wato 'yar hular da ke gindin kwanso wadda ke tayar da wuta, ita ma ta manyan fistol ce da aka saba da ita. Wannan yalwar ba ƙaramin abu ba ce ga wanda ya ga yadda kayan ɗuri suka yi ɓatan dabo a kantunan Amurka a 2013 da kuma 2020.

Wadda ta fi kusa da ƙwace mata kambu ita ce .45 Colt, kuma ni kaina ina da rauni a kanta. Ta girme su duka, tun 1873 take, zamanin baƙin albarushi irin wanda kakanninmu ke ɗura wa adaka. Saboda har yanzu akwai tsofaffin bindigogi da kwaikwayonsu a hannun mutane, iyakar matsinta a hukumance psi 14,000 ce kawai, shi ya sa harsashinta na kanti yake da sanyi. Amma a cikin bindiga mai ƙwari irin Blackhawk ko Redhawk na kamfanin Ruger, littattafan ɗuri suna da wani sashe na musamman da aka rubuta cewa na Ruger ne kaɗai, kuma a wannan sashen .45 Colt tana yin aikin .44 Magnum da kan harsashi mafi kauri, .452, bisa matsin da bai kai na .44 ba. Maƙerin bindiga John Linebaugh ya daɗe yana kare wannan ra'ayi, kuma yana da gaskiya. Abin da ya hana ni ba ka ita shi ne tarkunan da ke tattare da ita. Na farko, ba kowace Ruger ce ke ɗaukar wannan ɗuri ba, domin New Vaquero da aka fitar a 2005 an yi ta ne da ƙaramin jiki, kuma sunanta ya yi kama da na tsohuwar Vaquero mai ƙwari har yakan rikita mutane. Na biyu, harsashin mai zafi da mai sanyi kamarsu ɗaya a ido, don haka ranar da wani aboki ya ɗauki ɗaya daga kwalinka ya sa a kwaikwayon tsohuwar Colt, gangarta za ta iya tarwatsewa a hannunsa. Na uku, an sha samun bindigogin .45 da bakin ramukan gangarsu ya fi bututun matsewa, sai kan harsashin dalma ya tsuke kafin ya shiga bututu, saiti ya lalace, dalma ta manne, sai an kai wa maƙeri ya faɗaɗa su. Duk waɗannan suna da magani, amma magani ne na wanda ya riga ya goge. In ka yi shekara biyar da .44 ka zo ka ce mini kana son .45 Colt, zan taya ka zaɓen bindigar.

Akwai .41 Magnum ta 1964, mai daɗin harbi da miƙaƙƙen tafiya, sai dai kayan ɗurinta ba su da yawa, kuma ba ta yin wani abu da .44 ba ta yi, don haka na wuce ta.

Yanzu sai shawarar abokanka, cewa ka sayi mafi girma ka riƙa ragewa. A takarda maganar tana da daɗin ji, musamman ga .460 Smith & Wesson ta 2005, wadda gangarta ke karɓar .454 Casull da .45 Colt, bindiga ɗaya harsashi uku. Na bi irin wannan shawara da ƙuruciyata, kuma ga abin da na gani. Na sayi .454 Casull, harsashin da Dick Casull ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1950, wanda bai samu bindigar kamfani ba sai 1983 da Freedom Arms ta Wyoming ta fitar da Model 83. Matsinta yana kaiwa psi 65,000, daidai da na manyan bindigogin kafaɗa, shi ya sa ma take amfani da firaimar ƙaramar bindigar kafaɗa mai kaurin fata. Tana iya tura giren 300 da gudun ƙafa 1,600 a sakan, kuma shurinta, wato bugun da take yi wa hannu idan ta tashi, ya kusa ninka na .44 sau biyu, ga shi mai kaifi ne kamar an buga maka sanda a tafin hannu. Bayan wata uku sai na ga harbina duk yana sauka ƙasa da hagu, har da .357 da na saba da ita. Na zargi saitin bindigar, na zargi albarushin. Wani dattijo da muke haɗuwa a filin harbi ya karɓi bindigar, ya juya mini baya ya cika ta, ya miƙo mini. Na harba na farko, na harba na biyu, a na uku sai kunama ta faɗa kan ramin da ya bari fanko, aka ji ƙyas kawai, amma bakin bindigar ya dulmiya ƙasa kamar na sara da gatari, idanuna kuma a rufe. Bai ce komai ba, ya dai dube ni. Jikina ne ya koyi zabura tun kafin ƙarar ta fito, kuma sai da na shafe kusan shekara ina harbin ƙaramar .22 kafin wannan ɗabi'a ta sake ni.

Ita kuwa ragewar da ake ta faɗa, tana da nata farashin. Ɗuri yana rage ƙarfin harsashi, amma ba ya rage nauyin ƙarfe. Model 629, wato .44 ta kamfanin Smith & Wesson, mai bututun inci shida da rabi ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, Super Redhawk ta Ruger mai inci bakwai da rabi tana wajen kilo ɗaya da rabi, amma manyan Smith & Wesson na .460 da .500 masu dogon bututu kilo biyu ne, kuma harsashi biyar suke ci. Bindigar da ta yi maka nauyi a ƙugu, a mota za ka bar ta ranar da za ka hau dutse, kuma beyar ba ya jira a je a ɗauko. Sa'an nan idan ka yawaita harba gajeren kwanso irin na .45 Colt a cikin dogon ramin ganga irin na .454 ko .460, toka da dalma suna taruwa su yi zobe a gaban bakin kwanson. Ranar da ka sa dogon harsashi mai matsin 65,000 ba ka goge wannan zoben ba, bakin kwanson ba zai samu wurin buɗewa ya saki kan harsashi ba, matsi ya haura inda ba a so. Dalilin da ya sa ke nan Freedom Arms take ba da shawarar a sayi ganga ta dabam domin .45 Colt.

In kuma ka ce za ka rage ɗurin a cikin dogon kwanson kansa, sai ka shiga wata matsalar, kuma ita ce wadda na fi so ka riƙe. Albarushin da ke ba waɗannan manyan harsasai ƙarfinsu mai jinkirin ƙonewa ne, irin H110 da Winchester 296, waɗanda a gaskiya abu ɗaya ne da suna biyu. Irin wannan ba ya son a rage shi, yana son kwanso cike, da firaima mai ƙarfi, da bakin kwanso a ɗaure tamau. In ka rage shi ƙasa da abin da littafi ya ce, wuta na iya kamawa rabi da rabi, kan harsashi ya tsaya a tsakiyar bututu, kuma harbi na gaba a kansa shi ne ke fasa bindiga. Domin ɗuri mai laushi dole ka koma albarushi mai saurin ƙonewa, shi kuma kaɗan ake zubawa, ya kwanta can ƙasan kwanson .460 mai tsawon inci 1.8 kamar gishiri a gindin turmi, ta yadda za ka iya zuba awo biyu bisa kuskure ido bai gane ba. Wannan haɗari yana nan har a .44 da .45 Colt, amma yana ƙaruwa gwargwadon girman kwanso. Al'adata ita ce in jera kwansuna hamsin a kan katakonsu bayan na zuba albarushi, in haska tocila in leƙa kowane ɗaya kafin in ɗora kan harsashi, kuma ba na ɗuri ana hira da ni. A .44 kana da albarushi na tsaka-tsaki irin 2400, wanda Keith ya yi aiki da shi, da Unique domin matsakaicin ɗuri, kuma dukansu an gwada su shekara da shekaru. Ban rubuta maka awo ko ɗaya a nan ba da gangan. Awo daga littafin da aka buga ake ɗaukarsa, a gwama littattafai biyu, a fara daga ƙasa a hau sannu a hankali.

Kuɗi ma suna da ta cewa. Laba ɗaya ta albarushi giren 7,000 ce. Cikakken ɗurin .44 zai ba ka kusan harsashi 300 daga gwangwani guda, matsakaici kuma ya ninka haka ko fiye, amma cikakken ɗurin .500 ba zai kai ka 200 ba, ga kan harsashinta ya fi tsada, ga kwansonta ya fi tsada, in kuma kana zuba dalmarka da kanka, kowane ɗaya yana cinye kusan ninki biyu. Ita .500 ɗin, wadda ta fito a 2003 da matsin psi 60,000, tana da wani abin lura na musamman ga mai ɗuri: kwansunan farko an yi su ne domin firaimar fistol, na baya kuma domin ta bindigar kafaɗa, waɗanda galibi ake buga wa harafin R a gindi, kuma zurfin ramin ba ɗaya ba ne. Wanda ya tsinci kwansuna a filin harbi ya gauraya su zai iya ƙarewa da firaimar da ta ɗago sama da gindin kwanso. An kuma san ta da cewa shurinta kan sa yatsan sabon shiga ya sake jan kunama ba da niyya ba alhali bakin bindigar yana sama, don haka in za ka ba wani ya ɗana, harsashi ɗaya tak za ka sa masa. Game da .460 kuwa, iskar wutar da ke fita ta tsagar da ke tsakanin ganga da bututu tana iya yanke yatsa, saboda haka hannun tallafi ba ya wuce gaban ganga ko kaɗan, kuma wannan doka ce a kan kowace libarba.

Ban ce manyan ba su da amfani ba. .460 tana tura giren 200 da gudun da ya haura ƙafa 2,000 a sakan, kuma ga wanda ke farauta a fili da madubin hangen nesa bisa abin dogarawa, tana kai wa inda .44 ba ta kaiwa. Amma wannan aiki ne na daban, kuma ni a wurina wanda ya kai ga ɗaukar kilo biyu da maƙalar kafa ta, gara ya ɗauki bindigar kafaɗa. Idan wata rana ka ga da gaske .44 ta yi maka kaɗan, misali ka samu izinin farautar manyan namun daji irin elk ko mus, shawarata ita ce ka ƙara kauri da nauyin kan harsashi maimakon ka ƙara matsi. A nan .480 Ruger ta fi burge ni. Ita taƙaitacciyar .475 Linebaugh ce, tsawon kwansonta daidai da na .44, matsinta psi 48,000, tana tura giren 400 da gudun ƙafa 1,100 zuwa 1,200, shurinta kuma turi ne mai nauyi ba mari ba. Ba ta yi kasuwa sosai ba, harsashinta na kanti yana wuyar samu, amma wannan bai dami mai ɗuri ba matuƙar ya tanadi kwansuna ɗari biyar daga kamfanin Starline tun da wuri.

Ko wacce ka ɗauka, abin da zai fi ba ka wahala a teburin ɗuri shi ne ɗaurin bakin kwanso. A libarba mai ƙarfi, duk lokacin da aka harba ɗaya, bindigar tana fizgar sauran kwansunan baya, kawunan harsasan kuma saboda nauyinsu suna so su tsaya inda suke, sai su riƙa zamewa gaba kaɗan-kaɗan. Ya taɓa faruwa da ni da giren 300, a harbi na biyar ganga ta ƙi juyawa, na duba na ga goshin na shida ya leƙo ta gaban ganga ya tokare bututu. A filin gwaji abin dariya ne, a gaban beyar kuwa ba haka ba ne. Maganinsa shi ne kwansuna su zama tsawonsu ɗaya, ƙarfen da ke buɗa bakin kwanso kada ya buɗa fiye da kima domin riƙon wuya shi ne ginshiƙi, sa'an nan a lanƙwasa bakin cikin tsagar da aka yi wa kan harsashin. Gwajin kuma mai sauƙi ne: ka auna harsashi ɗaya, ka sa masa alama, ka bar shi a ganga ka harba sauran biyar sau biyu, ka fitar da shi ka sake aunawa. Ka kuma tuna zafi yana ƙara matsi, don haka ɗurin da ka kai iyaka da shi a sanyin Janairu na Montana, ka sake gwada shi da rani kafin ka amince masa, balle wanda ya wuni a mota, kai da ka san yadda cikin mota ke zama a Jidda a watan Agusta. Dalma kuwa guba ce, a wurin da iska ke shiga ake narka ta, a wanke hannu kafin a ci abinci, kuma kada yara su kusanci wurin.

Bindigar da zan zaɓa maka ita ce mai bututun inci huɗu zuwa biyar da rabi, domin ita ce za ta yi farauta ta kuma ratayu. Idan giren 300 mai zafi za ka yawaita, Ruger Redhawk ta fi jure wahala kuma gangarta ta fi tsawo. Idan matsakaicin ɗuri ne abincinka na kullum, kunamar Model 629 ta fi laushi kuma ta fi sauƙin ɗauka. Ka duba dokar farautar jiharka kafin kaka, ka riƙe feshin barkonon korar beyar tare da bindigar kamar yadda hukumomin gandun daji ke ba da shawara, kuma kada ka manta da bisimilla kafin ka ja kunama a kan barewa. Mahaifinka ya ce za ka zo Umra da azumi. Jakar da kake zuwa filin harbi da ita kada ta zama jakar tafiyarka, kuma ka zazzage aljihunan rigunanka ɗaya bayan ɗaya kafin ka shirya kaya, domin ko fankon kwanso ɗaya na'urar filin jirgin Jidda ta gani, ba a ranar za ka wuce Makka ba.